Farautar matattun batiran laftof: inda aikin ya kwana

4 ga Janairu

To, yau dai na fara rubutawa, dan na lura in ban rubuta ba mantawa nake, kuma aikin nan ba na kwana ɗaya ko biyu ba ne. Abin da nake son haɗawa shi ne ma'ajiyar wuta ta gida, fanel ɗin sola ya cika ta da rana ni kuma in ja da dare, fitilu da fanka da cajin waya da ita kanta kwamfutar, banda firji da hita, ban kai nan ba tukuna. Kuma da batiran laftof da aka yar nake son yin ta, wato ƙwayoyin nan masu kama da ɗan yatsa da ke ciki, waɗanda ake ce wa 18650. Sunan ma ba wani sirri a ciki, girmansu ne kawai, kauri milimita 18, tsayi milimita 65. Wanda bai taɓa fasa batirin laftof ba zai zaci wani dunƙulen abu ne guda a ciki, alhali yawanci irin waɗannan ne guda 6 aka jera aka rufe da roba. Motar Tesla ta farko ma, Roadster ɗin 2008, da irinsu take tafiya, guda 6,831, kun ga ba abin rainawa ba ne.

Ga lissafina. Ƙwaya ɗaya in ta riƙe 2000mAh (ma'aunin yawan cajin da take ɗauka) a 3.7V, 7.4Wh kenan, sai an tara kamar 135 kafin a samu 1kWh. Ni biyu nake so, saboda haka 280 nake nema, rukuni 7 a siris, wato a jere kan wannan a gindin wancan, kowane rukuni ƙwaya 40 a faralel, wato kai da kai gindi da gindi, abin da masu harkar ke rubutawa 7S40P. Dalilin 7 ɗin shi ne inbata ɗina ta 24V ce, bakwai in sun cika 29.4V suke bayarwa, in sun sauka ƙasa su tsaya wajen 21V, sun zauna mata daram. Da ta 12V ce da na sha wuya, 3 sun yi mata kaɗan, 4 sun yi yawa.

Na fara da wani mai gyaran kwamfuta da na saba da shi. Na ce Oga, waɗancan matattun batiran na ƙarƙashin tebur me kake yi da su ne? Ya ce ƙanena in kana so kwashe, wuri ma suka tare min. Guda 11 na dawo da su a leda ina ta murna kamar na tsinci dami a kala.

9 ga Janairu

Fasa su shi ne darasi na farko, kuma da jini na biya kuɗin makaranta. Robar an manne ta ne ba dan a sake buɗewa ba, sai ka kama gefe da gefe ka murɗa kamar mai matse wanki har ka ji ta ce ƙas a wajen ɗinkin, sannan ka sa filaya ka yi ta ɓalle ta kaɗan-kaɗan. Na farko da sukundireba na ɗana, ban san bakinta ya taɓa ƙarfen ciki ba sai ganin tartsatsi na yi fau, na saki komai na ja baya, batirin da aka ce min matacce ne fa. Sannan siririn ƙarfen nikel ɗin da aka haɗa ƙwayoyin da shi kaifi gare shi kamar reza, ya yanke ni a babban yatsa ban ma ji ba sai da na ga ja a kan tebur. Yanzu safar hannu da tabarau kafin in taɓa komai, zobe kuma a cire.

Abin da ya kamata mutum ya sani tun kafin ya sa filaya: a ƙwayar 18650 duk jikin gwangwanin nan negatif ne, tun daga gindi har wuya, fozitif kuwa ɗan maɓallin saman nan ne kawai, kuma tsakaninsu ba komai sai wani siririn zobe da ledar da aka naɗe ta da ita. To in kana yage nikel ta sama ya karce ledar a kafaɗa, ka haɗa wuta kenan. Ni yanzu waya nake fara yankewa in raba ɗan allon lantarkin da ke ciki da ƙwayoyin, sannan in naɗe nikel ɗin a bakin filaya ina mirginawa waje, ba na finciko shi.

Cikin 11 ɗin, 9 masu ƙwaya shida ne, ɗaya mai tara, ɗaya kuma falle ne irin na sababbin laftof sirara, ba 18650 a ciki sam. Jimla ƙwaya 63.

Da na ga yadda aka tsara cikin sai na fahimci dalilin da ya sa wannan harkar take yiwuwa ma. Mai shida ɗin nan biyu-biyu aka haɗa su, rukuni uku a siris, shi ya sa ake rubuta 10.8V ko 11.1V a bayansa. Akwai ɗan allo a ciki da ke sa ido kan kowane rukuni, da rukuni ɗaya ya raunana ko ya faɗi ƙasa da ƙima sai allon ya rufe batirin gaba ɗaya, wasu ma fiyus gare su da yake ƙonewa dan kar a sake caji har abada. Mai laftof ya ga batir ba ya ɗaukar caji ya yar, alhali wataƙila biyu ne suka mutu, huɗu na nan da ransu. Waɗannan huɗun nake farauta.

17 ga Janairu

Na sa mita a kan kowace ɗaya na rubuta abin da ta nuna a jikinta da maka. 14 sun nuna ƙasa da 2V, shida daga ciki ma sifili ne tas.

Nan ne masu harkar suka rabu gida biyu. Wasu sun ce ko 1V ta nuna a tayar da ita a hankali da 'yar wuta kaɗan, sau da yawa tana dawowa. Gaskiya ne tana dawowa ɗin, amma abin da ke faruwa a ciki shi ne in ƙwaya ta daɗe a ƙasa sosai, tagullar da ke ɓangaren negatif tana fara narkewa cikin ruwan batirin, ranar da aka sake caji sai ta koma ta daskare inda ba wurinta ba, tana iya yin 'yar gada ta haɗa wuta a ciki, kuma mita ba za ta gaya maka wannan ba yau, sai bayan watanni. Abin da zan ajiye a gidan da nake kwana ba zan yi caca da shi ba. Ƙasa da 2V, kwandon rijet, wato na waɗanda suka faɗi gwaji, ba roƙo.

Masu sifilin kuma yawanci wani ɗan faifan kariya ne da ke ƙarƙashin hular ya ɗaga, ana ce masa CID, iska ce ta taru a ciki ta tura shi ya yanke hanya. Na ga masu cusa tsinke ta ramin hular su danna shi ya koma. Haba dai. Abin da ya tashi dan ya cece ka shi za ka danne?

Saura 49.

29 ga Janairu

Na haɗa allunan caji na TP4056 guda 10 a kan katako, kowanne 1A yake bayarwa ya tsaya da kansa a 4.2V, jar fitila ta koma shuɗiya. Tsohuwar fawa ta kwamfutar tebur ce ke ba su 5V.

Jiya da daddare na gamu da abin da ake ta faɗa, wato ƙwaya mai ɗaukar zafi a caji. Tara sun cika sun huce, ɗaya ta ƙi, fitilarta ja har wajen awa biyar. Na kai bayan hannu, wallahi kamar na taɓa kofin da aka zuba wa tafasasshen ruwa. Na sa mita, tana wajen 4.0V ta maƙale, ba ta hawa, duk wutar da ake ɗura mata zafi take mayar da ita. Da filaya na ɗauke ta na kai waje na jefa cikin bokitin yashi, na tsaya daga nesa ina kallo kamar zai yi magana. Ba abin da ya faru, ta huce, amma barci ya ƙaurace min dan tunanin da na tafi na kwanta na bar ta a kai fa? Irin waɗannan ƙwayoyin na laftof galibi masu kobalt ne, in zafinsu ya wuce wani mataki da kansu suke ci gaba da ƙona kansu, kuma ɗaya tana kunna ta kusa da ita.

Doka daga yau: ba caji sai ina wurin, ba caji a kan katako, na mayar da allunan kan tayil, kuma duk rabin awa sai na bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya. Uku na samu masu wannan halin a cikin 49. Uwargida ta ce in dai wannan abin zai ci gaba to a fitar mata da shi daga ɗaki, kuma ban yi musu ba, na koma rumfar baya.

12 ga Fabrairu

Gwajin ƙarfi. Na'urar da na saya mai gida huɗu ce, tana sauke ƙwaya daga cike har ƙasa tana ƙirga mAh nawa ta fitar. A 500mA, ƙwaya mai 2000mAh awa huɗu take ci, sai ka sake cika ta kuma. In na dage zagaye uku nake yi a rana, ƙwaya 12 kenan. Da na buga lissafin ɗaruruwan da ke gabana sai da na yi shiru na ɗan lokaci.

Sakamakon 46 ɗin: 27 sun kai 1800mAh ko sama, nan na ja layina. Sauran 19 wasu 1500, wasu 900, akwai wata mai 310 abin tausayi. Masu dama-dama na ajiye su dan tocila da 'yar fawa bank, ba za su shiga babban aikin ba.

Wani abu da na koya a makare, lambar kaɗai ba ta isa ba, sai ka duba nawa ƙwayar take tun tana sabuwa. Lambar samfurin tana jikin ledar, misali Samsung ICR18650-26F ɗin nan mai ruwan hoda 2600mAh ce daga masana'anta, Panasonic NCR18650B kuwa mai koriyar leda wajen 3400. To ƙwayar da aka haife ta da 2200 yau tana ba da 1900 ta fi min wadda aka haifa da 3000 yau tana ba da 1900 ɗin, dan ta biyun ta riga ta zubar da fiye da kashi ɗaya cikin uku, gangara take yi, ta farkon kuwa ko gajiya ba ta fara ba. Sai na ƙara sharaɗi, ta riƙe aƙalla kashi 80 cikin 100 na asalinta.

25 ga Fabrairu

Yau na tafka kuskure, bari in rubuta shi da zafinsa.

Ganin 11 sun ba ni ashirin da wani abu, sai na ce bari in nemi inda suke da yawa in huta. Na je wajen masu tara kayan lantarki da suka mutu, su a kilo suke sayarwa, ba zaɓe, ba buɗewa, an ɗora buhu a sikeli ka biya ka ɗauka. Cinikin biri a sama kenan. Mutumin ya ce Alhaji duk masu kyau ne, jiya-jiya aka kawo su. Ni da ban je ko'ina ba aka naɗa min Alhaji, a nan ya kamata in farga.

Guda 40 ne a buhun. 9 falle ne, na biya kuɗin nauyinsu a banza. Wasu da alama ruwa ya dake su, tsatsa ta ci wuyan ƙwayoyin har wani fari-fari ya fito da wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadarin goge farce, wannan warin in ka ji shi ƙwaya ta yi yoyo, kar ma ka tsaya aunawa. Amma abin da ya fi ci min rai shi ne waɗanda suka fi kowanne kyau a ido, robarsu fes, takardar jiki sabuwa. Ashe ba na asali ba ne, irin na canji ne masu araha da ake saya in na asalin ya mutu. Kyan ɗan maciji. Ka fasa ka tarar da ƙwayoyi marasa suna marasa lamba, leda shuɗiya ko shunayya kawai. Biyu daga ciki ma ƙwaya huɗu ce a gidan shida, sauran gurbin biyu bututun roba ne fanko aka sa dan ya cike wuri. Na daɗe ina juya bututun nan a hannu ina dariyar takaici.

Ƙwaya 178 na fitar, kuma tun a gwajin mita kusan 70 suka faɗi.

Da na san haka da ɗan sikelin kicin na tafi. Ƙwayar kirki tana kai giram 45 ko kusa da haka, shida giram 270 kenan kafin a sa roba da allo, saboda haka batir mai gidan shida da bai kai giram 300 ko kusa ba akwai magana. Kuma na asali yawanci za ka ga an rubuta ƙasar da aka yi ƙwayoyin daban da inda aka harhaɗa shi, Japan ko Koriya, dan manyan masu yin su na wancan zamanin su ne Sanyo da Panasonic da Sony da Samsung da LG.

3 ga Maris

Ba wani labari. Caji, gwaji, rubutu da maka. Yatsuna duk sun yi kanta. Na sayi na'urar gwaji ta biyu.

15 ga Maris

Na koma kan 27 ɗin farko da na cika na ajiye a kwali wata guda ban taɓa su ba. Wannan gwajin ba ya cin komai sai haƙuri: ƙwaya mai lafiya in ka cika ta 4.2V za ta ɗan sauka ta zauna wajen 4.15 zuwa 4.18 ta yi shiru, mai ciwon ciki kuwa ita kaɗai take zubar da cajinta. Huɗu sun sauka ƙasa da 4.1V, ɗaya har 3.6V. Kuma abin haushi wadda ta fi kowacce ƙarfi a zagayen farko tana cikinsu, 2410mAh na rubuta a jikinta har da ɗan tauraro. Na so in yi mata alfarma, na riƙe ta na ajiye na sake ɗauka. Amma a faralel ƙwayoyi ba sa rowa, duk abin da ɗaya ta zubar sauran 39 ne za su yi ta cike mata dare da rana, rukunin ya riƙa zama ƙasa da 'yan uwansa, BMS, wato allon da ke sa ido kan rukunan, ya yi ta fama da daidaitawa, ni kuma in rasa gane daga ina ɓarnar take. Ta tafi kwandon rijet da taurarinta.

Saura 23 daga zubin farko. Kuma na gane na juya tsarin ne a baibai, ya kamata in cika su, in ajiye su makonni uku tukuna, wadda ta tsira ita za ta hau na'urar gwaji, ba in ɓata awa huɗu kan ƙwayar da za ta faɗi daga baya ba.

28 ga Maris

Alhamdulillahi, yau kam an dace. Wani abokina ya haɗa ni da mai kula da kwamfutocin wata ma'aikata, sun canza laftof ɗin ma'aikatansu gaba ɗaya, tsofaffin batiran na jibge a kabad an rasa yadda za a yi da su. Na ce ranka ya daɗe ni zan raba ku da su, ya ce sai dai in sa hannu a takarda cewa na karɓa kuma ba zan zuba su a shara ba. Na sa da gudu.

Guda 34, duk samfuri ɗaya, duk na asali, duk masu shida, ƙwaya 204. Na fasa biyar na farko na ga ƙwayoyin iri ɗaya launi ɗaya, yawancinsu sama da 3V. Dalilin a fili yake, laftof ɗin ofis rayuwarsa a kan tebur take da caja a jiki, ba a cika sauke batirin ba balle a ce ya sha zagayen caji ɗari biyar. Zaman cike da ɗumi shi ma yana tsufar da ƙwaya, ban ce ba ya yi ba, amma bai kai wahalar wanda aka yi ta cikawa ana ƙararwa kullum har ya mutu sannan aka jefar da shi a rana da ruwan sama ba. Sannan a kabad suka zauna, a inuwa.

Da zan koma 4 ga Janairu, tambayoyin da zan riƙa yi kafin in karɓi ko guda su ne daga ina ya fito, ya yi wata nawa a ajiye, kuma a ina aka ajiye shi. Wata ukun nan ina ta ƙoƙarin gyara hanyar gwaji, ashe rabin gwajin tun a bakin ƙofar mai bayarwa ake yin sa. Wuraren da na ga sun fi: ma'aikatu da makarantu masu canza kwamfutoci a lokaci guda, sai masu gyara da suka san ka har za su ware maka na asali, sai tsohon kaya da bai taɓa shiga laftof ba ya tsufa a shago. Buhun kilo shi ne na ƙarshe.

Akwai kuma batun shekaru. A buhun kilon nan na ci karo da wasu da suka tsufa ƙwarai, na zamanin da laftof ke da nauyin bulo. Ko sun ci gwaji ba na sa su. Masu dogon tunani za su tuna 2006, lokacin da Dell ta janye batir miliyan 4.1 a watan Agusta, Apple ta bi da miliyan 1.8, saboda 'yan ɓurɓushin ƙarfe da suka shiga cikin wasu ƙwayoyin Sony tun a masana'anta suna haɗa wuta. Kamfanin da ya fara fitar da batirin litiyam-ayon kasuwa a 1991 kenan fa, abin ya same shi. Ba kowa ne ya mayar da nasa ba a lokacin, saboda haka ba ka san me ke yawo a tsofaffin kaya ba.

10 ga Afrilu

Buhun kilo ya gama zagayensa: 41 cikin 178. Jimla 64 a hannu. Na ofis kuma 11 sun faɗi a mita, 2 sun yi zafi a caji, 191 na kwali suna zaman jira.

Cikin jiran ne shaiɗan ya fara raɗa min in sayi sababbi ta intanet in cike gurbi. Na ga masu rubutun 9900mAh a jiki, har da hoton wuta. Ƙarya ce tsagwaronta, 18650 ta gaskiya iyakarta wajen 3500 zuwa 3600mAh, duk abin da ya haura haka nesa fenti ne kawai, ka ɗora a sikeli ka ga ba ta da nauyi. Na gaskiyar kuma kawo su daga nesa aiki ne, dan batirin litiyam kaya ne mai haɗari a dokar sufuri, lambarsa UN3480, kuma tun Afrilun 2016 aka hana ɗora su zalla a matsayin kaya a jirgin fasinja, sai jirgin kaya, shi ma da cajin da bai wuce kashi 30 cikin 100 ba. Na rufe shafin.

Abokina da ya haɗa ni da na ofis ya zo ya ga rumfar, kwalaye ko'ina, ya ce kai mutumina wannan wahalar ta mece ce, ka sayi batiran nan na LiFePO4 guda takwas manya ka ɗaure da kusoshi ka huta mana. Ban da amsar da zan kayar da shi. Su 3.2V ne kowacce, takwas sun ba ka 24V, suna jure zagaye dubbai, kuma ba sa saurin kamawa da wuta kamar masu kobalt. Wanda wuta kawai yake so kuma yana da halin saye, can ya dosa, ni ma abin da zan gaya wa ƙanena kenan. Ni dai na riga na shiga ruwa, kuma akwai wani daɗi da nake ji in na ga ƙwayar da aka yanke wa hukuncin shara ta nuna 2200 a allo, ba zan iya bayyana masa shi ba. Ya ce ciwo ne. Wataƙila.

30 ga Afrilu

9 sun zubar da caji, 182 sun hau na'ura. Da na'ura biyu 24 nake yi a rana.

11 ga Mayu

An gama. 151 sun wuce 1800mAh daga na ofis, yawancinsu tsakanin 2000 da 2250, kusa da juna abin sha'awa. Da 64 na baya, 215.

Sai mitar auna turjiyar ciki ta iso, abin da ake kira IR, mai tsinke huɗu. Na yi ta jinkirin sayenta ina ganin ƙari ne, ashe da ita ya kamata in fara, dan cikin daƙiƙa biyu take ba ka amsa. Ƙwayar da turjiyarta ta hau tana iya nuna mAh mai kyau in ana jan ta a hankali, amma da an ɗora mata kaya sai ta durƙusa ta yi ɗumi ta bar wa maƙwabtanta aikin. Yawancin nawa sun nuna tsakanin miliyom 45 da 65. Na ja layi a 80. Guda 17 suka haura, kuma 12 daga cikinsu 'yan buhun kilo ne, ban yi mamaki ba.

198 kenan, daga ƙwaya 445 da suka bi ta hannuna. Ko rabi ba su kai ba.

20 ga Mayu

Na haƙura da 280 a yanzu. 7S28P zan haɗa, ƙwaya 196, biyu su zauna a benci. Kowane rukuni zai kama wajen 58Ah, gaba ɗaya kamar 1.5kWh a takarda, amma ba zan taɓa cika su 4.2V ba, a 4.05 zan tsayar da caja, in kuma yanke ja a wajen 3.4, abin da zan mora zai ragu amma za su fi daɗewa nesa ba kusa ba, tsofaffi ne, ba a sa tsoho gudu. Kayan da zan ɗora ba su wuce wat 300 ba, wajen 12A kenan a raba wa 28, kowace ƙwaya ba ta kai rabin amfiya ba, daidai da abin da aka gwada su a kai.

Rabon rukuni ya ci min yini guda. Ba a zuba masu ƙarfi waje ɗaya raunana waje ɗaya, dole jimlar mAh ta kowane rukuni ta zo daidai da ta sauran, in ba haka ba ƙaramin shi zai riƙa fara cika ya fara ƙarewa, ya ja wa sauran shida. Na jera su a ƙasa daga babba zuwa ƙarama, na riƙa rabawa ɗaya-ɗaya daga rukuni na 1 zuwa na 7 sannan in juyo daga na 7 zuwa na 1, a ƙarshe na yi 'yan musaye har bambancin ya dawo ƙasa da 100mAh. Duk wadda ledarta ta karce na sake mata sabuwar riga da sabon zoben wuya, guda 60 da wani abu, da na'urar busar gashin uwargida, ba ta sani ba tukuna.

Kowace ƙwaya za ta samu nata fiyus, siririyar waya daga kanta zuwa babbar tagullar da ke tara wutar, yadda in ɗaya ta haɗa wuta a ciki wayarta ce za ta tsinke, maimakon sauran 27 su juye mata duk abin da ke cikinsu. Da na so in yi da dalma, amma zafin ƙarfen like a kan ƙwaya ba alheri ba ne in hannu ya daɗe, saboda haka na aro injin walda na ɗigo. Nikel ɗin da na saya na yanki guntu na karce shi na jefa a ruwan gishiri, in ya yi tsatsa ƙarfe ne aka shafa wa nikel, yau kwana biyu bai canza ba.

Rijet ɗin, 247, na manne kan kowacce da tef na zuba su a bokitin ƙarfe mai yashi nesa da rumfar. Masu dama-dama kamar 50 na ware wa tocila, sauran ranar Asabar zan kai wurin da ke karɓar matattun batira, tunda na sa hannu a takarda. BMS ɗin 7S bai iso ba har yanzu, kuma ba zan haɗa rukuni ko biyu ba sai ya zo. Mai kula da kwamfutocin nan ya kira ɗazu, wai akwai wasu guda 12 a wani kabad da suka manta da shi, in zo da leda.